Jarrabawar da Baba Tanko Ya Yi wa Jami'o'i Uku

Ko bayan na yi ritaya ba na jin zan manta da Litinin ɗin da Baba Tanko magini ya jingine kekensa a jikin tagar ofishina, ya ce ya zo ya yi wa jami'o'in ƙasashen waje jarrabawa. Lokacin ina mataki na goma sha biyu, ina koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata da ke bayan Gezawa, kuma ni ne jami'in ba ɗalibai shawara. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku sani wannan muƙami ba shi da komai sai kujera mai gurguwar ƙafa da tarin fom.

'Yar Baba Tanko, Nusaiba, tsohuwar ɗalibarmu ce. Tun tana aji ɗaya take cika bayan littafin lissafinta da zanen zaure da soro. Da ta gama difloma a Kano, wata gidauniya ta ɗauki nauyin karatunta na zanen gine-gine a waje, jami'o'i uku kuma suka ba ta gurbi. Ƙa'idar gidauniyar ita ce ɗalibi ya zaɓi ɗaya, mahaifinsa ya sa hannu a fom ɗin amincewa, a mayar musu kafin sha biyun ranar Juma'ar mako na biyu. Wanda ya makara, gurbinsa na mai bi masa ne.

Aikina a irin wannan shi ne bincike. Na farko in tabbatar hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a nan gida ta yarda da takardar makarantar, don kada yarinya ta dawo da digirin da ba za a bar ta ta zana ko akurkin kaji da shi ba. Sai harshen da ake koyarwa da shi, sai masauki da abinci. Duka ukun suka tsallake. Ni kuwa tuni na zaɓa mata a zuciyata: wadda sunanta ya fi hawa sama a jerin da na gani a intanet.

Na baje wa Baba Tanko hotunan makarantun a tebur. Ya ɗauki na farko, wanda nake so, gini ne na gilashi tun daga ƙasa har sama. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Wannan ai akwatin mai fanke ne aka yi wa girma." Nan take ta zama Mai Gilashi. Ta biyu rufinta ya yi tsini, ta zama Mai Malafa. Ta uku kuwa kankare ne tsirara, ko fenti babu. Ya daɗe yana kallonta cikin tausayi, sannan ya ce, "Allah sarki, ƙarfinsu ya ƙare kafin filasta." Ita aka raɗa wa Kango.

Na fara yi masa bayanin jerin intanet, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, mu a gidanmu ba a ba magini ɗa sai an yi masa tambaya. Haka aka yi wa wanda ya koya mini, haka ake yi mini idan an kawo mini yaro. Ɗauki biro."

Na ɗauka. Ya ce in rubuta: "Ɗakin ƙasa zan gina, rufin azara. Wane kauri zan yi wa bangon?" Ya ce a aika wa ukun, kuma ba zai sa hannu a kowace takarda ba sai ya ji amsarsu.

A nan na tafka tawa. Kunya ce ta kama ni, ba wani abu ba. Ni da digirina, in rubuta wa farfesoshi ina tambayar kaurin bangon ƙasa? Na danne takardar da abin maƙale takardu, na ɗan taɓa kwamfuta kamar mai aiki, na ce, "An aika, Baba. Ba matsala." A lissafina, kwana biyu zai gaji ya sa hannu.

Washegari kafin a kaɗa ƙararrawa ga keken a jikin taga. Ya zo da tabarmarsa da butarsa da ƙullin gyaɗa, ya zauna a ƙofar ofishina yana jiran amsa daga ƙasashen waje. Da zaman ya gundure shi sai ya tashi ya shiga zagaya makaranta yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, yana kara kunne. Ranar Laraba ya shiga ajin kimiyya ana tsakiyar darasi, ya ba malamin haƙuri, ya ce 'yan layin baya su matso gaba don bai yarda da wancan bangon ba. Zuwa Alhamis babu yarinyar da ke yarda ta zauna kusa da bango a duk makarantar.

Shugabar makaranta, Hajiya Binta, ta kira ni. Ta ce, "Malam Sabi'u, wane ne ya naɗa mana sabon sufeto?" Na gaya mata gaskiya. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Idan yarinyar nan ta rasa gurbinta, da kaina zan rubuta rahoton, kuma sunanka ne zai zo a layin farko."

Na nemo Nusaiba na faɗa mata abin da na yi. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Cewa ta yi, "Malam, a aika kawai. Idan Baba ya ce sai ya ji amsa, ko rumfa ce ta kama da wuta a kansa ba zai tashi ba." Ita ta mayar da tambayar zuwa Turanci, don nata ya fi nawa santsi, muka aika a ranar. Kwana huɗu na yarinya sun tafi a banza saboda girman kaina.

Mai Gilashi ce ta fara amsawa, cikin minti biyu. Ta gode mana da sha'awarmu, ta haɗo da hoton wurin ninƙaya. Na karanta wa Baba, ya ce, "Ruwa na tambaye su?" Ranar Talata Mai Malafa ta aiko da amsa mai tsawo. Wani malaminsu ya faɗi kaurin bangon daidai wa daida, har da ɗigo, ya ƙara da cewa gara ma a yi da bulo. Na ji daɗi, na ce to ga amsa. Baba ya ɓare gyaɗa ya jefa a baki, ya ce saura Kango.

Kango ta yi shiru har Laraba da la'asar. Da amsar ta zo, wata farfesa ce ta rubuto. Cewa ta yi ba ta sani ba. Ta ce ba za ta iya faɗin kauri ba sai ta san ƙasar wurin, jigawa ce ko laka, da kuma ɓangaren da ruwan sama ke dukan bango. Ta roƙi a haɗa ta da mai tambayar ta bidiyo ya nuna mata ƙasar a hannunsa.

Na karanta a hankali ina jiran ya tashi ya hau kekensa. Sai na ga ya ajiye gyaɗar ya gyara hula. Ya ce, "Wannan maginiya ce."

Ranar Alhamis da hantsi muka je ƙauyensu, bayan gari, inda yake kwaɓa ƙasar wani gini, don nan ne waya ke kamawa. Ni ne mai riƙe waya, Nusaiba ce tafinta. Baba ya ɗebi ƙasa ya murza ta a tafin hannu har ta zama igiya, ya ɗaga. Farfesar ta ɗauko tata ƙasar daga wani bokiti ta murza, tata ta karye. Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a gaya mata yashi ya yi mata yawa. Ya nuna mata gabas, inda ruwa ke fitowa, ya yi mata bayanin yadda ake shafe bangon wannan ɓangaren da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Tana ta rubutu kamar ita ce ɗalibar.

Ta ce a matsa baya ta ga ginin gaba ɗaya. Na matsa, na ƙara matsawa, sai ji na yi ƙafata ta dama ta nutse cikin kwaɓin har gwiwa. Ban saki wayar ba, wannan kam a rubuta mini. Aka jawo ni, takalmin ya ce shi ya samu wurin zama. Baba ya ce a bar shi, zai ƙara wa bangon ƙarfi.

Juma'a da safe ya sa hannu da ajami, na hau babur da silifas na aro zuwa Gezawa, aka ɗauki hoton fom aka tura saura 'yan mintoci sha biyu ta cika. Da na dawo na tarar da shi yana naɗe tabarma. Na tambaye shi mene ne ainihin amsar tambayar.

Ya ce, "Ba ta da amsa, Malam. Wanda ya faɗi kauri bai taɓa ƙasar ba, ɗakinsa kan mutane zai faɗo. Maginin kirki cewa yake sai na gani." Ya ɗaura butar a bayan keke, sannan ya ƙara da cewa, "Kai ma ka amsa taka tun ranar Litinin. Ba matsala ka ce mini, alhali kwana huɗu ina kallon takardata a ƙarƙashin ƙarfen nan na tebur."

Ya dafa kafaɗata, ya ce in sa a duba bangon ajin kimiyya, ya hau kekensa. Da aka duba, sai ga tsaga daidai inda ya nuna.

Nusaiba tana shekararta ta uku a Kango yanzu. Aikinmu na ba da shawara yana sa mutum ya ɗauka dole ne ya kasance da amsa a baki kullum, kuma da wannan amsar ta gaggawa ake rushe wa yara gaba. Don haka idan kun ji ɗaliba ta yi mini tambaya na ce mata, "Ban sani ba, bari in bincika," kada ku ce tsufa ne ya kama ni. A wurin magini na koya, kuma takalmi ƙafa ɗaya na bari a kwaɓinsa a matsayin kuɗin makaranta.