Tsohon da Ya Auna Mini Ƙafa a Ranuna

Ƙafata ta hagu ta fi ta dama faɗi. Ina ɗan shekara tara amalanke ya taka ni a kasuwar garinmu. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ya haɗe, amma ya bar mini wani ƙullutu a gindin ƙaramin yatsa. A gida abin bai taɓa damuna ba, don silifa ba ruwansa da faɗin ƙafa. Sai da na zo Madina aiki na san ina da matsala.

A ma'ajiyar dabino nake aiki, a ɗakin sanyin da kowa ke kira tallaja. Daga safe har la'asar ina tura katan-katan na dabino daga wannan lungu zuwa wancan. A waje rana na ƙona fata, a ciki kuwa hancinka na yoyo. Dokar wurin ita ce ba mai shiga sai da jazma, wato takalmin aiki mai kauri, mai ƙarfe a baki, mai hawowa har ƙwauri. Ranar da na fara, mai kula da kaya ya tambaye ni lambar ƙafata, na faɗa masa, ya miƙo mini kwali ba tare da ya ɗago kai ba.

Ta dama ta shige lafiya. Ta hagu kuwa sai da na cije leɓe. Na ce a raina sabon takalmi ne, zai saki. Bai saki ba. Ƙarfen bakin yana zaune daidai kan ƙullutun, kuma idan sanyi ya ratsa ƙafar ba na jin komai, sai na fito cin abinci jini ya dawo, sannan zafin ya taso mini har cikin haƙora. Bayan wata guda na roƙa aka canza mini da wanda ya fi girma da lamba biyu. Yatsan ya sami sarari, amma dundunniya ta riƙa zamewa, ta yi bororo, ya fashe, ya sake yin wani. Na ninka safa, na cusa auduga, na yanka soso na liƙa. Farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi ya faɗi, saboda ƙafar tana dukan bakin takalmin duk takun da na yi.

Ba ni da wanda zan faɗa wa. Abokan aikina mutanen Bangaladash ne da Pakistan, mutanen kirki, amma abin da ke tsakaninmu bai wuce "yalla" da "shuwayya shuwayya" ba, wato "mu je" da "a hankali". Ɗakin da nake kwana a unguwar Azizya mu huɗu ne, sai dai lokutan aikinmu sun saɓa, na fi sanin warin man gashinsu fiye da muryoyinsu. Matata kuwa idan ta kira, tana da nata damuwar, ga yara ga surukarta ba lafiya. Ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau." Ina maganar ƙafata na cikin roba da ruwan gishiri.

Ranakun Juma'a na riƙa bin shagunan takalma na Azizya ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na shiga tambayar ɗaya ce: "Kam magas?" wato lamba nawa. In faɗa, a sauko da kwali. In yi ƙoƙarin bayani da guntun Larabcina cewa ƙafafun ba ɗaya ba ne, mai shagon ya gyaɗa kai ya sauko da wani kwalin. Ba wanda ya taɓa cewa in cire safa ya gani. Na sayi guda biyu a haka, dukansu suka ƙare a ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a na yi sallah a masallacin Ƙiblatain. Bayan an watse na zauna a inuwar bango ina gyara ƙyallen da na naɗe yatsan da shi, sai na ji an ce, "Subhanallahi, malam, me ya cinye maka ƙafa haka?" Na ɗaga kai na ga wani dattijo siriri, Hausarsa ta mutanen Damagaram. Ya ce direba ne a gidan wasu Larabawa. Na daɗe ban ji an yi mini tambaya da Hausa ido da ido ba, sai na tsinci kaina ina ba shi labarin tun daga amalanke.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka bar bin masu kwali. Ka tafi unguwar Ranuna, bayan masallacin Ƙuba. Akwai wani tsoho harraz, mai gyaran takalma, ɗan asalin wajenmu ne amma nan aka haife shi. Shi ƙafa yake dubawa kafin takalmi." Ya kwatanta mini layin, kusa da wani gidan burodi. Wayarsa ta yi ƙara, masu gidan suna nemansa, ya tafi da sauri. Ban sake ganinsa ba.

Juma'ar da ta biyo na tafi da hantsi, jazma a leda. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba. Takalma rataye a bango, warin gam da fata ya cika wurin, ga tsoho baƙi mai farin gemu zaune a kan ƴar kujera, tabarau a bakin hanci. Na yi sallama na fara haɗa Larabci. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yi Hausarka, ɗana. Ina ji."

Hausarsa ta tsufa, akwai kalmomin da rabona da jin su tun bakin kakata, kuma rabin zancen Larabci ne. Na zaro jazma zan nuna masa, ya ɗaga hannu.

"Yau ka yi aiki?"

"A'a, Baba, yau hutu ne."

"To koma. Ƙafar da ta huta ƙarya take yi. Ka zo mini ranar aiki, ba'adal asar, bayan la'asar ke nan, kai tsaye daga wajen aikin, da safar da kake sawa. Lokacin ta kumbura, ita nake so in gani."

Na fito raina a ɓace, don motar haya biyu na hau kafin in iso. Amma ranar Litinin na koma kamar yadda ya ce.

Ya zaunar da ni a kan benci, ya sauko ƙasa da kyar yana dafa gwiwa, ya ce in cire safa. Na ji kunya, ƙafar ta wuni cikin takalmi. Shi ko a jikinsa. Ya ɗauki ƙafar hagun da hannu biyu ya ɗora a cinyarsa, ya bi ƙasusuwan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan ƙullutun.

"Karaya ce. Tun kana yaro?"

"Tun ina yaro, Baba."

"Wanda ya ɗora bai yi laifi ba. Nan da zafi? Nan fa?"

Hannunsa da ɗumi, tafin duk kanta. Ina zaune sai na tuna cewa tun da na sauka ƙasar nan, shekara biyu ke nan, in ban da musafaha da kafaɗar maƙwabci a sahun sallah, ba wanda ya taɓa jikina. Na juya fuska ina kallon takalman bango har ya gama dubawa.

Ya sa na tsaya a kan kwali, ya zagaye kowace ƙafa da fensir, ya auna tudun ƙafar da zare. Ya zaro shimfiɗar cikin jazmar, ya sa na taka ta a ƙasa, muka ga yadda yatsuna suka bar wuri mai yawa a gaba amma suka zubo ta gefe. Ya ce, "Ka gani? Tsawo ka ƙara, alhali faɗi kake nema. Babba ya fi ƙarami cutarwa, don ƙafa tana yawo a ciki." Ya ce takalman da na tara duk ba mai gyaruwa, ƙarfen bakinsu matsattse ne, ƙarfe kuwa ba ya buɗewa. Ya rubuta mini a bayan kwalin irin wanda zan nema, mai faɗin baki, a ainihin lambata, ya faɗa mini shagon da zan samu. "Kada ka yarda su ba ka babba. Ko ya matse ka, kawo shi nan, matsi aikina ne."

Na nemi izinin mudir, shugaban wajen aikinmu, ya ce in dai akwai ƙarfe a baki ba ruwansa. Na sayo na kai.

Sau uku na koma. Zuwan farko ya shafa alli a kan ƙullutun, ya sa na zura ƙafa, allin ya bar tabo a ciki daidai inda ake faɗa. Ya ɗumama fatar wurin, ya cusa wani katako mai kamar ƙafa da ɗan dunƙule a gefe, ya murɗa, ya ce a bar shi kwana biyu. Zuwa na biyu ya yanka mini shimfiɗa daga wata roba mai tauri, ya kankare ta kaɗan kaɗan yana gwadawa a tafin ƙafata, ya liƙa ɗan soso a bayan idon sawu don dundunniya ta zauna. Ya koya mini ɗaurin igiya, sako-sako a kan yatsu, tamau a wuyan ƙafa. Ya hana ni ninka safa. "Guda ɗaya, siririya, busasshiya. Matsi ne ke kawo sanyi, jini ba ya wucewa."

Yana aiki yana magana, idonsa a kan wuƙa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya yi noma a Sudan, ya auri kakarsa a can, suka tsallako teku. Shi bai taɓa zuwa Haɗeja ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ana jeme fata da bagaruwa, ko gaskiya ne kogin Haɗeja yana cika har ya shiga gonaki. Nakan ba shi amsa dalla-dalla, in ƙara da abin da bai tambaya ba, don kada hirar ta ƙare.

Zuwa na uku ya ce in sa duka biyun in taka zuwa gidan burodi in dawo. Na tafi ina jiran zafin, bai zo ba. Na wuce gidan burodin har ƙarshen layi. Da na dawo ya danna bakin takalmin, ya sa na durƙusa, na miƙe, na tsaya a kan yatsu.

"Khalas," in ji shi. "Ya zauna. Allah ya sa ka kashe shi da lafiya."

Na sallame shi, na yi godiya, na fito. A bakin titi na tsaya. Daɗi nake ji ƙwarai, amma kuma na gane ba ni da sauran dalilin dawowa.

Aiki ya yi sauƙi. Bororon ya warke, sabon farce ya tsiro. Bayan mako shida na kasa daurewa, na ɗauki jazma na koma, na ce masa kamar ta dama tana ɗan taɓa ni. Ya karɓa, ya zura hannu ciki, ya duba shimfiɗar, ya duba ƙafata.

"Ba abin da ya same shi," ya ce. Ya ajiye shi gefe. "Ka ci abinci?"

Ya rufe shago ya ja ni gidansa, nan bayan layin. Aka shimfiɗa leda, aka kawo shinkafa da kaza a babban faranti. Ƴaƴansa maza biyu suka fito, manya, ɗaya malamin makaranta, ɗaya ma'aikacin asibiti. Na gaishe su da Hausa, suka amsa da Larabci cikin fara'a. Uban ya ce musu, "Wannan daga ƙasar kakanku yake." Suka ce masha Allah, suka tura mini cinyar kaza. Daga nan hira ta koma ta ƙwallo da ta wata mota da ɗayan ke son saya, da Larabci mai gudu wanda ba na kamawa. Tsohon yakan juyo ya fassara mini jimla ɗaya, sannan hirar ta sake janye shi. Ba wanda ya yi mini rashin kirki. Na ci na ƙoshi, na sha shayi da na'ana'a, na riƙa murmushi a inda na ga ana dariya. Da zan tafi ya rako ni ƙofa ya ce, "Ka riƙa zuwa, ɗana. Ba sai da takalmi ba."

Na ce to. Na je sau biyu. Sai lokacin girbin dabino ya zo, aka ƙara mana awanni, har Juma'a muna shiga. Na yi ta cewa mako mai zuwa.

Da aiki ya lafa, wata huɗu sun wuce. Na sayi ɗan kilishi wajen wani mutumin Agadas don in kai masa, saboda ya taɓa cewa bai san ɗanɗanon na gaske ba. Na iso na tarar da shagon an yi masa fenti, wani saurayi yana sayar da rigunan waya. Mai gidan burodi ya ce tsohon ya faɗi, gefensa ɗaya ya shanye, ƴarsa ta ɗauke shi zuwa garin Yanbu. Na je gidan na ƙwanƙwasa, ba kowa. Ban taɓa karɓar lambarsa ba, shi ma bai karɓi tawa ba. Sunansa ma ban sani ba, Baba kawai nake ce masa.

Na tsaya a ƙofar na ɗan lokaci. Aka kira la'asar, na bi mutane zuwa Ƙuba na yi sallah, na roƙa masa sauƙi. Kilishin na ba wani mai shara da na gani zaune a bakin harabar, sannan na nemi motar Azizya.