Abu Hamad Da Gardamar Masu Busa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, tara ga Rajab 1396, Allah ya karɓi ran Abdulghaffar Na'ibi, wanda muke kira Abu Hamad, mai gyaran rediyo a unguwar Ruwais da ke nan ƙasa mai tsarki, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar, cikin zafin da ya hana kowa magana. Ni Yahya direba, abokin gardamarsa, na gaji da amsa gaisuwa da baki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abu Hamad, unguwa ta san alherinka. Alhazai nawa suka kawo maka rediyo a mace, ka tashe shi, ka haɗa su da shayi? Baƙi nawa suka kwana a bayan shagonka kafin iƙama, takardar izinin zama, ta fito? Wasu za su faɗi wannan fiye da ni. Abin da na fi sani shi ne taurin kanka.

Ma'aikatan jiragen ruwa ne suke kawo maka faya-fayen kiɗan Turawa da ake kira rok. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ka sakaya ƙofa, ka ɗora faifai a garmaho, mu zauna da Haladu tela da Rafi'u. Ni dai na tsaya a kan cewa rok kiɗan jita ne da ganga, wannan abin busa, saksafon, shisshigi yake yi, kamar baƙon da ya zo walima ba gayyata kuma ya fi kowa ɗaga murya. Kai kuwa, ɗan mai algaita, wanda mahaifinsa ya tako ƙasa daga Katsina da ita a rataye, sai ka ce jita wuta ce ke tura ta, amma abin busa sai mutum ya ba shi numfashinsa. Idan mai busa ya shigo, sai ka kumbura kumatu, ka riƙe numfashi tare da shi har ya sauke, wai kana auna ko namiji ne. Mun tsufa a kan wannan magana, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

Da ciwo ya ci ƙarfinka, wannan ɗabi'a ta zama abin tsoro. Ka riƙe numfashi, tari ya sarƙe ka har idonka ya yi ja. Matarka Mastura ta tare mu a ƙofar gida.

"Don Allah, ya Abu Mahmud," ta ce mini, "ku bar ja da shi. Duk abin da ya faɗa ku ce haka ne. In kun musa sai ya ce a kawo faifai, in an kawo ba ya barci."

Muka ga gaskiyarta, muka yi mata alkawari. Juma'ar da ta biyo baya ka soma yabon masu busa daga kan shimfiɗa. Haladu ya ce sah, daidai ne. Rafi'u ya ce wallahi ya daɗe da ganewa. Ni na sunkuyar da kai ina juya kofin shayi. Ka bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sa ɗanka Hamad ya rufe garmahon.

"Halas, shi ke nan," ka ce. "Tunda kun yarda, likita ya gaya muku abin da bai gaya mini ba."

Ban taɓa ganin fuskarka ta faɗa haka ba. Mun zo mu tsare maka numfashi, sai ga shi mun yi maka zaman makoki kana kallonmu. Ka juyo gare ni.

"Har da kai, Yahya?"

Na dubi labulen da Mastura take bayansa, na dube ka. Na ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Har gobe busar nan hayaniya ce, kukan akuya ya fi ta daɗi."

Ka dafa bango ka tashi zaune. Da muryar da ke yankewa ka kira ni jahili, kurma, wanda ƙarar mota ta kashe wa kunne. Ka yi tari, ka yi dariya, ka sake zagina. Ka nemi abinci ran nan, abin da ka daɗe ba ka yi ba. Juma'a ta gaba ba ta same ka ba.

Mastura, Ummu Hamad, na karya miki alkawari, kuma ban san ko wannan zaman ya rage masa wani abu daga sauran ƙarfinsa ba. Allah ne masani. Na dai san ya tafi yana da abokin faɗa.

Na gaji, Abu Hamad. Haladu da Rafi'u mutanen kirki ne, amma duk abin da na faɗa yanzu sai su ce haka ne, kuma na soma gane yadda ka ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mastura, da Hamad, da ƙanwarsa Turai, da dukan jama'ar Ruwais. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙan Abdulghaffar, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya yalwata masa kabarinsa. Ya Allah, ƙirjin nan ya wahala, Ka hutar da shi. Amin.