Raɓar Gero da Idanun Baba

Dudunni, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Muna idar da sallar Asuba na tura babur ƙofar gida ban tayar da shi ba, don kada Baba ya ji ƙara ya sami lokacin sake shawara. Ranar Talata ce cikin watan Agusta, makarantar da nake koyarwa tana hutu, ruwa kuma ya ɗauke kwana biyu. Baba ya fito yana atishawa. Na ƙirga bakwai kafin ya ƙetare zaure.

Kowace shekara haka yake yi da zarar gero ya yi bununi, wato zangarniya ta fito ta lulluɓe da ɗan garin nan mai launin ɗorawa. Ido ya yi ja, hanci ya yi ta zuba, ga ƙaiƙayi har cikin kunne. Mu dai murar damina muke ce mata. Bana abin ya sauka ƙirji, numfashinsa har ƙara yake yi. Yayana Lawal, da ke zaune a Katsina, ya ce magana ta ƙare: ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, gona kuma a ba wani aro. Ni na roƙi a bari mu ga wata likita da aka ce ta ƙware kan irin wannan ciwo, tana zuwa Kankiya Talata da Laraba. Baba ya yarda, amma da zargi.

"Kun gama shirya magana da ita," in ji shi yana hawa bayana. "Ni dai rakiya za ni yi maku."

Ba mu yi minti biyar ba ya taɓa kafaɗata. Mun zo gonarsa. Ya sauka ya kutsa cikin geron da ya fi shi tsawo, ya tara hannu ƙarƙashin ganye ya kaɗo raɓa, ya wanke idanunsa da ita sau uku. Tun ina yaro nake ganin yana haka, ban taɓa kawo komai a raina ba. Kafin ya fito ya ƙulle ganyen kara biyu. Wannan ita ce al'adarsa: zangarniyar da ta riga sauran yin bununi, in tana da kauri da tsawo, sai ya ƙulle ganyenta na sama. Da kaka a yanke masu ƙullin daban, su ne irin baɗi. Da haka geron gidanmu yake nuna da wuri tun zamanin kakanmu, kuma cikin 'ya'yan Baba babu wanda ya iya. Ni da kaina, tun da na riƙe alli na yi wa fartanya sallama.

Kusada, ƙarfe shida da minti ashirin

Na ajiye babur a shagon wani abokina kusa da tasha. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Direban da ke lodi ya ce gajeriyar hanya ruwa ya cinye ta, ta Yashe zai bi ya hau babban titi. Ya dubi Baba ya ja da baya.

"Subhanallahi! Baba, afolo ne?"

"Ba shi ba ne," na ce.

Babu wanda ya yarda da ni, kowa na tsoron ɗaukar ciwon ido. Fasinjoji huɗu suka cushe a baya tare da ni, aka bar wa Baba gidan gaba shi kaɗai, wurin da aka saba zuba mutum biyu. Ya miƙe ƙafa ya gyara hula. Tun da muka fito sai a nan na ga ya yi murmushi.

Mun tashi bakwai saura kwata. Hagu da dama gero ne da dawa, kore shar, direba kuma ya sauke gilashi duka don iska ta kwashe cutar da yake tsoro. Baba ya yi ta atishawa har ya gaji da cewa alhamdulillahi.

Yashe, ƙarfe bakwai da kwata

A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo ta tagar gaba, suka haɗa ido da Baba. Bai tambayi takarda ba, bai ce a buɗe bayan mota ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga mana hannu. Direba ya ce, "Baba, da za ka riƙa biyo ni kullum, da na huta." Hankalin Baba na waje. Yana kallon gonakin mutane, na kuma san auna su yake da tasa. Tausayinsa ya kama ni, da wani abu mai kama da kunya.

Kankiya, ƙarfe takwas saura minti goma

Muka yanki kati muka zauna a benci. Sai goma da rabi aka kira mu. Likitar dattijuwa ce mai tabarau, Hausarta irin tamu. Ta gaida Baba da girmamawa, ta saurari ƙirjinsa, ta ba shi wani ɗan bututu ya hura da ƙarfi, ta rubuta abin da ya nuna. Sannan ta jingina da kujera.

"Baba, ba ni labarin yininka. Daga tashi barci."

Nan fa ta sosa masa inda yake so. Ya faɗi sallah, ya faɗi gona, ya faɗi ƙullin ganye dalla-dalla. Ta tambayi inda yake rataye rigar gona, ya ce a ƙusar da ke saitin kansa, wani lokaci ma ya naɗe ta ya yi matashi. Ta tambayi me yake sa wa idon.

"Raɓa," in ji shi da alfahari. "Ta ganyen gero, kahin rana ta hito. Sanyi gare ta. Ba don ita ba da tuni na makance."

Ta ajiye biro. "Kullum?"

"In abin ya yi tsanani har sau biyu nike komawa."

Ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da hakan. Ta tambaya ko ya sha ƙwayar mura cikin makon, ya ce shi ba ya shan ƙwaya. Ta sa ya naɗe hannun riga, ta ɗiga ruwa iri-iri a jere a damtsensa na ƙasa, ta ɗan tsikari kowane ɗigo, ta ce mu jira minti goma sha biyar. Kafin lokacin ya cika wuri ɗaya ya tasa ya yi ja kamar cizon sauro, sauran ko gezau.

"Wannan na garin furen ciyawa ne," ta ce. "Gero da dawa da ciyawa dangi ɗaya ne. Ba mura gare ka ba, Baba, ba kuma sanyin damina ba ne. Jikinka ne ba ya jituwa da bununi. In ya shiga hanci ko ido sai jiki ya ɗauke shi abokin gaba ya tashi faɗa. To, bununin da ya zubo daga zangarniya, ina yake sauka?"

Baba manomi ne, ya fi ta sanin amsar.

"Bisa ganye," ya ce a hankali.

"Raɓa ta kwashe shi, kai kuma ka zuba a ido."

Ya daɗe yana kallon kumburin hannunsa. Da ya ɗago, muryarsa ta canja. "Likita, kada ki yi mani kwana-kwana. In bar gona?"

"Wa ya ce? Ni ban ce ba." Ta dube ni, na sunkuyar da kai. "Za ka yi shuka, ka yi noma, ka yi girbi. Amma ƙirjin nan bai gamshe ni ba. Bana, daga yau har bununi ya zube, ba ka shiga tsakiyar gero, balle da safe da ya fi tashi. Kamar mako biyu."

"Mako biyu? Ai shi ne lokacin ƙullin duka!"

"Na sani. Ni ma a gidan manoma na tashi. Amma in numfashi ya toshe maka a tsakiyar gona, wa zai gan ka?"

Ta rubuta maganin fesawa a hanci, da na ɗigawa a ido, da ƙwayar da ba ta sa barci, da abin shaƙa na ƙirji. Ta ce mu kwana a gari, tana so ta sake jin numfashinsa da safe.

Gidan Gwaggo Hauwa, bayan La'asar

Gwaggo Hauwa ƙanwar Baba ce, a Kankiya take aure, kuma ita kaɗai ce a duniya take gaya masa magana son ranta. Ta ji bayani daga bakina, ta sa ya cire riga da hula ta jiƙa su a bokiti, ta tura shi wanka har da wanke kai, kamar yadda likita ta ce ya riƙa yi duk sanda ya dawo daga gona. Ta ɗauko masa rigar mijinta, wadda ta tsaya masa a gwiwa.

"Yaya, ashe shekara da shekaru da hannunka kake ɗura ma kanka ciwo, muna ta zargin ruwan sama!"

"Inna ta koya mani," ya ce.

Dariyar Gwaggo ta tsaya. Inna mahaifiyarsu ce, ta daɗe da rasuwa. Gwaggo ta zauna kusa da shi a tabarma. "Ta koya maka abin da ta sani. Ita idonta bai taɓa ja ba. Allah ya jiƙanta." Muka ce amin. Aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, ya ci kaɗan. Ba ciwon ne ya hana shi ci ba. Lissafin zangarniyar da za ta yi bununi gobe da jibi babu mai ƙulle ta yake yi, ni kuma ina zaune gabansa da hannu biyu lafiyayyu, bai ko dube ni ba. Wannan rashin dubawar ya fi zagi yi mini zafi, don na san ni na jawo.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Baba ya tashi, ya yi sallah, ya karya kumallo, atishawa biyu kacal. Shi da kansa ya ƙirga. A asibiti ya sake hura bututu, likita ta ce an samu sauƙi, amma ba ta janye mako biyun ba. Ta nuna masa yadda zai karkata bakin maganin fesawa zuwa gefen hanci, ta sa ya shaƙi na ƙirji a gabanta har sau uku sai da ya iya. Ta ce in numfashi ya ƙi daidaita bayan ya shaƙa, kada mu jira Talata, mu nufi asibiti mafi kusa. Rigar gona kuma ta kwana a waje. In zai wuce ta gefen gero ya sa tabarau da takunkumi.

"Takunkumi? Ni jaki ne?"

"Na mako biyu dai, Baba."

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar baɗi. Ta ce maganin hanci ya fi aiki in an fara shi kafin bununi ya fito. Na zaro waya zan rubuta wata da rana, ta ce in bari. "Baba, ranar da ka ga gero ya yi ciki, zangarniya ba ta fito ba tukuna, ranar za ka fara. Ka kuma zo in gan ka. In mun riga shi, baɗi da kanka za ka yi ƙullinka, da yardar Allah." Ya gyaɗa kai. Wannan kalandar ba mai ɓace masa ba ce.

Komawa gida

Mun sayi tabarau da takunkumi, muka bar Kankiya sha ɗaya da rabi, wannan karon gilashin gefensa a rufe. Muka yi Azahar a Kusada, na karɓi babur. Lawal ya kira ni muna tasha, na gaya masa abin da likita ta ce. Ya ce, "To irin fa? In ya rasa irin bana ai ka san ba zai zauna ba, zai saci jiki ya shiga." Gaskiya ya faɗa.

Da muka zo gonar, Baba bai taɓa kafaɗata ba. Ni na tsaya da kaina. Na kashe babur, na cire takalma, na naɗe wando.

"Mi za ka yi?"

"Ka tsaya nan kan hanya, iska na bayanka. Ka nuna mini."

Ya dube ni ta cikin sabon tabarau, takunkumi ya rufe sauran fuskar, ban san me ke ciki ba. Na shiga kunyar gero ta farko, na kama wata doguwar zangarniya da ta ba ni sha'awa.

"Sake ta! Wagga jiya ta hito, tsawo ɗai gare ta. Ta hagunka. A'a, hagu, malamin makaranta! Wadda garinta ya fara bushewa daga sama."

Na kama ganyenta na ƙulle, ya tsinke a hannuna. Na biyu ma haka. Baba ya ce in daina ja kamar mai ɗaure akuya, in lanƙwasa a hankali in zura. Na uku ya zauna.

Mun shiga gida ƙarfe huɗu saura kwata, lafiya lau. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da likitar da ta tsaya ta saurari tsoho har ƙarshen maganarsa, da Gwaggo Hauwa da mijinta da muka bar su da wanki. A zaure Baba ya cire rigarsa ya rataye a waje ba tare da an tuna masa ba. Na juya zan tafi sashena, sai ya kira sunana.

"Gobe in an sallame sallah ka jira ni. Shekara talatin nike jiran ɗayanku ya tambaya."