Ranar da Fuskar Baba ta Koma Layi-layi

Shekarun baya can, lokacin ina da ɗan shagon haɗa bidiyon biki a Funtua, mahaifiyata ta zo daga Gozaki ganin likita. Da ta gama sai ta biyo ta wurina ta ce, "Kafin in hau mota, nuna mini hoton nan mai motsi na babanku." Bidiyo ne da na ɗauke shi a gonar auduga, kakar ƙarshe kafin rasuwarsa, kuma shi kaɗai muke da shi.

Na kunna. Murya na fita, amma fuskar Baba ta koma layi-layi kore da shuɗi, allon kwamfutar yana ɗaukewa yana dawowa. Na ɗauka bidiyon ne ya lalace. Inna tana ta jan carbi.

Na kira abokina mai gyaran kwamfuta. Yana dubawa ya ce, "Bidiyonka lafiya lau. Direban katin hoto ne, manhajar da ke sa kwamfuta ta fitar da hoto. Ka taɓa shi?" Na ce ai duk sabon da ya fito ɗora mata nake, ni a dole gwani. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan manomi guda! Ka taɓa ganin an yi shuka a kan karan bara, babu sharar gona?"

Ya cire intanet don kada kwamfutar ta jawo wani direban da kanta, ya tayar da ita a sef mod, inda ba ta ɗaukar komai sai na dole. Ya goge tsofaffin har ɓurɓushinsu, ya kashe ya kunna, sannan ya sa sabo guda ɗaya da ya zo da shi a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta.

Sai ga Baba fes da malafarsa, yana faɗa wai in ajiye waya in kama aiki. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Malam ke nan, ko a hoto sai ya yi faɗa," in ji ta, tana dariya hawaye na zuba.

Har yau ina gode wa abokin nan. A wurinsa gyara ne irin na kullum, ya ma manta da shi. Inna kuwa har ta koma ga Allah, in za ta tambaye shi sai ta ce, "Ina yaron nan da ya dawo mini da Malam?"