Kunnen Husaina Mai Kitso

Duk matar da ta taɓa ɗora kai a cinyar Husaina mai kitso a Bukkuyum ta san ba don kitson kaɗai ake zuwa ba. Kitson ma ba wani na a zo a gani ba ne, ga shi ta matse mace har ta yini ido a ɗage. Kunnenta ake bi. Da zarar mace ta kwanta ta kau da fuska, ba ido cikin ido, sai bakinta ya buɗe: wadda barci ya ƙaurace wa tun da ta yi ɓari, wadda gabanta ke faɗuwa ba dalili, wadda aka sallami mijinta daga aiki ya koma zaman zaure ba ya kula kowa. Husaina ba ta wa'azi, ba ta cewa a yi haƙuri. Kibiyar tsagar kai kawai take ja, ta ce, "Ina jin ki, sai mi ya faru?" Kuma abin da ya shiga kunnenta ba ya sake fitowa.

Da wayar hannu ta iso garin, waɗanda aure ya kai Gummi da Anka suka koma kiranta. Sai ta goge man kitso a zani, ta zagaya bayan rumbu inda sabis ke kamawa, ta tsaya a rana tana sauraron kukan 'yar wani.

Wayar tata kuwa ɗanta Jibo ne ya aiko mata. Shi ne ɗan farinta, don haka, kamar yadda aka tarar ana yi, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Tun yaye aka kai shi Anka wurin kakarsa. Ya girma ya shiga soja, aka tura su yaƙin Saliyo, kafin ya dawo kakar ta rasu. Da aka gan shi da hannuwansa da ƙafafunsa sai kowa ya ce alhamdu lillahi, aka rufe zancen. Matarsa Mardiyya kaɗai ta san murfin tukunya ma in ya faɗi sai ya zabura ya jiƙe da gumi.

Kowace Juma'a yakan kira daga barikinsu a kudu.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ya mutanen gida?"

"Suna lahiya. Inna, akwai wata magana..."

"Ga Basira nan," in ji ta, ta miƙa wa ƙanwarta.

Basira kuwa ba ta barin kowa ya kai aya. "Sojan gwamnati! An tuna da talakawa? Ina atamfata, ko ita ma an tahi da ita Saliyo?" A yi dariya a kashe waya.

Wata Juma'a ya tare ta. "Inna, don Allah kada ki ba kowa. Ke nike so ki ji ni. Kina jin na kowa."

Tsakar gida cike da mata masu jiran layi, muryarsa kuma tana fitowa. Wata ta tafa hannu. "A'a, Husaina! Yau hira za a sha da ɗan fari? Lallai zamani ya zo gidanga."

Da ta tashi ta zagaya bayan rumbu, wa zai kama ta? Ba ta tashi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi ta addu'a, ka yi haƙuri," ta kife wayar a tabarma. Matan suka yaba, wai mace ce mai alkunya. Alkunya! Namiji ɗan soja ya sauke girman kansa ya roƙi uwarsa ta saurare shi, a bar shi riƙe da waya don kada wasu su yi dariya, sannan a kira wannan tarbiyya.

Ba a yi shekara ba Mardiyya ta kwaso yara ta dawo gidansu a Gummi. Uwarta ce ta zo takanas ta zayyana wa Husaina komai: yadda Jibo ke kulle kansa a ɗaki, yadda ya daina cin abinci da kowa, yadda yake kiran sunayen abokansa da suka mutu. "Ba dukanta yake ba," in ji ta, "tsoro ne ya koro ta."

A ranar nan Husaina ta sallami masu kitso, ta sa aka danno mata lambarsa. Da ya ɗauka ta ce, "Jibo." Bakinta bai taɓa furta sunan ba, har ya yi mata nauyi. "Jibo, ni ce. Ba kowa kusa. Ina jin ka, hwaɗa mini."

Sai ya amsa mata a hankali.

"Ba komi, Inna. Ya wuce."

"Bai wuce ba. Hwaɗa mini."

"Lahiyata lau. A gaida Inna Basira."

Ta sake gwadawa a wata Juma'ar, da wadda ta biyo. Har Allah ya karɓi ranta Jibo bai fasa kiranta ba, yana gaishe ta cikin ladabi, ya tambayi damina, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya yi sallama.