Zabirar Baba a Cikin Kwamfuta

Ko tsufa ya cinye mini komai, ba zai cinye ranar da na samo mahaifina a cikin kwamfuta ba.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Zangon Kwatano, bayan an koma mulkin zaɓe, lokacin da kowa ke son karanta takardar ƙuri'a da idonsa. Da safe ina auna hatsi a kasuwar Dantokpa, da la'asar ina haɗa baƙi. Da muka yi nisa, malaminmu, wani dattijo da muke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya kai mu shagon intanet ya nuna mana rumbun da masu bincike ke ajiye tsofaffin takardu da hotuna. Nan take na tuna da Baba. Inna ta sha gaya mana wata Baturiya ta taɓa ɗaukar Baba hoto yana aski. Wanzami ne, ya rasu ina rarrafe, ba mu da hotonsa ko ɗaya, ga idon Inna kullum yana dushewa.

Na rubuta Zango da yatsa ɗaya. Sai ga Zangon Kumasi, ga na Lome, shafi bayan shafi. Mushe ya yi dariya, ya ce ai na shiga kasuwa ne ina kiran "Alhaji", kowa zai waiwayo. Ya buɗe mini wurin bincike mai zurfi, mai gidaje-gidaje: na gari, na shekara, na irin abin da ake nema. Na sa Kwatano, na zaɓi hoto kaɗai. Tun da Inna ta ce tana goye da ni a ranar, sai na kwafi shekarar haihuwa da ke katina na shaida. Babu komai. Sau uku ina komawa.

Na gaya wa Inna. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka shekarar katin nan taka ce? Kallon tsawonka kawai ma'aikacin ya yi, ya rubuta abin da ya ga dama. Shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar damina na haife ka."

Muka zauna da liman muka lissafa baya, ashe an rage mini shekara biyar. Na koma, na buɗa tsakanin shekarun gaba da baya, Mushe ya gaya mini yadda ake ce wa wanzami da Faransanci, na ƙara kalmar. Hotuna uku suka rage. A na biyu, ga mutum durƙushe gindin bishiya da aska a hannu, can baya wata mace da goyo.

Aka buga mini a takarda na hau zemijan, acaɓar garin nan, zuwa gida. Inna ta kai takardar har hancinta, ta daɗe. Fuskar ba ta fito mata ba. Sai ta ɗora yatsa kan zabirar da ke rataye a kafaɗarsa.

"Wannan facin ni na ɗinka shi," ta ce. Ta matsar da yatsan kan goyon da ke can baya. "Ƙaton kan nan da ke leƙe kuwa naka ne."

Tun daga ranar na san kwamfuta ba ta ba ka sai daidai abin da ka tambaye ta. Tambaya mai kyau kuwa, a bakin tsofaffin gida ake fara samo ta.