Ɗinkin Gwaggo a Fiffiken Jirgi

Shekarar da na fara koyar da fasaha a wata sakandare da ke bayan Sama Road, shugaban makaranta ya ce kowane malami ya kawo abin nunawa ranar baje kolin ƙarshen zango. Ni da iyayi sai na ce jirgin sama zan ƙera. A wani tsohon littafi da na saya hannun mai baza littattafai a bakin titi na ga hotonsa: jirgin sojan Faransa na zamanin yaƙin duniya na farko, fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, farfela a baya, jikinsa sanduna ne da aka lulluɓe da yadi. Bayanin ƙarƙashin hoton ya ce ba shi da sauri, da rana harbo shi ake yi, shi ya sa aka mayar da shi na jefa bam da dare. Na karanta wannan sarai, ba zan ce ban sani ba.

A lokacin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana wata na biyar a gidanmu. Daga wani ƙauye na gabas aka ɗauko ta, bayan jirgi ya yi ruwan wuta a gonakinsu ana tsakiyar yankan gero. An ce 'yan bindiga aka biyo. Mijinta da babban ɗanta a nan suka rasu. Ta gama takaba a ɗakin Innata, amma bakinta bai buɗe ba. Matar da a da in ta zo birni sai ta sa mu dariya har ciki ya ƙulle, ta koma zaman tabarma tana kallon bango. A kai mata tuwo ta taɓa loma biyu ta ture.

Na ɗauko damin karan dawa daga Kwalkwalawa, kullum bayan la'asar in baje a tsakar gida ina fera. Fiffiken ya ƙi tsayuwa, in na ɗaure nan sai can ya lanƙwashe. Rana ta huɗu ina ta tsaki sai na ji murya a bayana.

"Wanga kara bai ƙosa ba. Ɗauki wancan mai ja."

Inna tana bakin murhu, ta tsaya cak da muciya a hannu. Gwaggo ce. Ta matso ta tsuguna, ta ɗauki kara ta murza.

"Mi kake haɗawa haka?"

"Jirgi ne, Gwaggo."

Hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon sandunan, sannan ta ce, "Na Makka na?"

Inna ta zuba mini ido. Na ce, "Eh, na alhazai ne."

Na sha gaya wa kaina tausayi ne ya sa na faɗi haka. Akwai tausayin, amma akwai wani abu kuma. Duk danginmu babu mai hannun allura irin nata, ni kuwa ko maɓalli ban iya dasawa ba, ga fiffike biyu suna jiran yadi.

Sati uku tana ɗinki. Ta zaɓi ragowar farin yadi, ta ja shi ya ɗame a kan kara, ɗinkin nan ƙanana a jere kamar haƙoran yaro. Ta fara cinye tuwonta. Ranar da ta ga kujeru biyun da na sa masa sai da ta riƙe haɓa.

"Alhazai biyu kaɗai? Sauran a ƙasa za su tahi?"

Na ce na mutanen da ne. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ya tashi in ajiye mata wurin gaba. Inna ta shige ɗaki ta yi kukanta ta fito.

Ana jibi baje koli na kawo baƙin fenti na shafe jirgin, na ɗauko busassun 'ya'yan aduwa shida na rataye a ƙarƙashin cikinsa a matsayin bama-bamai. A makaranta ya kamata in yi wannan, hanya ce ta minti goma a babur. Ɗokin in gan shi a kammale ne ya rufe mini ido, kuma har yau in na tuna haushin kaina nake ji. Gwaggo ta fito da butar alwala ta tsaya a kaina.

"Mi yas sa ka baƙanta shi? Aduwar ga ta mi ce?"

Ƙarya ta biyu ta ƙi zuwa bakina. Na gaya mata. Wai har ina ƙarawa da cewa tsohon yayi ne, yanzu babu irinsa, tarihi ne kawai.

"Wanda ke ciki, shina ganin mutanen da ke ƙasa?"

"Da dare yake tafiya, Gwaggo. Ba ya gani."

"Namu da rana yaz zo," in ji ta. Ta ajiye butar. "Kuma kas sa ni niɗ ɗinka mai riga."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko reza, ta zauna ta ɗora jirgin a cinya, ta dinga warware ɗinkin zare bayan zare. Ko kara ɗaya ba ta karya ba. Fentin bai gama bushewa ba, yatsunta suka yi baƙi ƙirin. Da ta gama ta miƙo mini ƙwarangwal ɗin, ta jefa yadin cikin murhu.

Haka na kai shi makaranta tsirara. Shugaba ya yaba, ya ce dabara ce barinsa a buɗe don yara su ga yadda ake haɗa shi. Aka tafa mini, na yi murmushi na karɓa.

Gwaggo ta koma tabarmarta. In na gaishe ta takan amsa, amma idonta a ƙasa. Na ba ta haƙuri a tsugune, na sa Inna ta ba ta, ta ce ba kome. Da damina ta kama ta aika wa ƙanin mijinta ya zo ya ɗauke ta. Inna ta riƙe bakin zanenta tana roƙo, tana cewa ƙauyen bai lafa ba, har yanzu jirage na shawagi a can. Ina tsaye bakin zaure da jakarta a hannu.

"Ki bar ni in tahi, Yaya," in ji Gwaggo. "Can ko ba komi na san abin da ke bisa kaina."

Ta karɓi jakar daga hannuna ta ɗora a ka, ta ce kada in wahalar da kaina da rakiya.